Rajistar da Ba a Rufe Ba

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin wata Laraba abin ya fara lalacewa. Na riƙe lokacin ne saboda agogon falonmu yana saitin kujerar da nake zama, kuma shi na ɗaga kai na duba don kada in dubi Baba. Na juya shafin ƙarshe na littafi na biyar ina tsammanin sabon babi, sai na tarar da farar takarda, a bayanta kuma tallar wasan bidiyo.

"Ci gaba mana, Uwata," in ji Baba. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

"Baba, ya ƙare."

"Me ya ƙare?"

"Littafin."

"To jirgin fa?"

Na rufe littafin. Ya ɗan jira, sannan ya lalubi hannun kujera ya miƙe, ya bi bango da tafin hannunsa har ɗakinsa. Na ji ƙarar rufe ƙofa a hankali, irin rufewar da ta fi bugawa ciwo.

Baba ya yi shekara talatin da biyar yana aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, mafi yawansu a sashen rajista, inda ake rubuta shigar kowane fayil da fitarsa. Da ya yi ritaya muka koma ƙaramin gidan da ya gina a Kubwa. Ba a yi shekara biyu ba hawan jinin ido ya fara cin ganinsa daga gefe-gefe, har ya zama sai haske da duhu kawai yake bambancewa. Ranar da likita ya faɗi gaskiyar magana, a barandar asibiti ya faɗe ta, ga Mama da Yayana. Ni ina gefe riƙe da jakar takardu, kamar kullum, ba wanda ya lura ina saurare. Ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, maganin ɗigawa don a tsare ɗan abin da ya rage ne. Mama ta ce kada a gaya wa Baba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Yaya ya yarda. Ni ba a tambaye ni ba, ko da an tambaye ni ma ba na jin zan buɗe baki.

Daga nan kullum magana ɗaya muke yi masa: likita ya ce a ci gaba da ɗiga magani, za a gani. Yaya ya sayo farar sanda kamar yadda aka ba shi shawara, Baba ya shafa ta daga sama har ƙasa ya ce, "Wa ya makance a gidan nan?" Aka ɓoye ta a bayan firji. Ya daina zuwa masallacin layinmu, ya ce sai idon ya washe. Abokansa suka zo sau biyu, sau uku, ya ce a ce yana barci. Har rediyo ya kashe.

Ni a lokacin ina aji biyu a jami'a, kuma abokaina ba su wuce littattafai ba. A ƙarƙashin wata gadar masu tafiya a ƙafa akwai wani dattijo, mutumin karkarar Katsina, da yake shimfiɗa tsofaffin littattafai a kan buhu. A wurinsa na sayi biyar ɗin nan, ɗaya bayan ɗaya. Irin littattafan nan ne da ake rubutawa a kan duniyar wani wasan bidiyo. Masu ƙera wasan sukan gina ƙasa sukutum, da tarihinta da sarakunanta da yaƙe-yaƙenta, sannan a sa marubuta su ba da labarin abin da ya faru a cikinta kafin mai wasa ya iso. Ban taɓa yin wasan ba, ban ma taɓa riƙe abin dannawar ba. Abin da ya ja ni shi ne duniyar tana da tsari, komai yana da dalili idan ka bi shi a hankali. Na ware littafin rubutu mai baƙin bango na zana taswira, na jera zuri'ar sarakuna, na rubuta wa ya haifi wa, wa ya ci amanar wa, kowane layi da lambar littafi da shafin da na samo shi.

Wata rana ina karatu a falo, Baba yana zaune shiru a kujerarsa, sai ya ce, "Me kike karantawa kike ta huci haka?"

Kunya ta kama ni. Na ce, "Ba wani abin kirki ba ne, Baba. Tatsuniyar Turawa ce."

"Karanto."

Na fara da Turanci. Ya ɗaga hannu. Ya fi ni Turanci nesa ba kusa ba, amma ya ce shi Turanci ofis yake tuna masa, in juya masa da Hausa. Haka muka fara. Kullum da safe a cikin mota nakan shirya babin ranar, in nemo kalmomin da za su dace, bayan la'asar kuma in zauna in ba shi. Mama takan bar ƙofar kicin a buɗe.

A duniyar labarin, teku ne yake ja da baya kowace shekara. Garuruwan bakin ruwa sukan kwance gidajensu su ɗora a kan amalanke su bi shi. A busasshen ƙasan tekun da ya bari akwai dodanni da tsofaffin biranen da ruwa ya taɓa rufewa, akwai matsafan da ke ɗure iska a gora suna sayar wa matuƙan jirgi. Ni waɗannan nake so. Baba kuwa ko a jikinsa. Mutum ɗaya ne ya shiga ransa, wani tsohon magatakarda na wata tashar jiragen ruwa, wanda aikinsa shi ne rubuta fitar kowane jirgi da dawowarsa. Ruwa ya janye, tasha ta bushe, mutanen gari duk sun yi gaba, shi ya ƙi tashi. Dalilinsa ɗaya ne: akwai jirgi guda a rajistarsa da aka rubuta fitarsa, gurbin dawowarsa yana nan fayau. Ba zai rufe rajista da gurbi a buɗe ba.

"Wannan ma'aikaci ne," Baba ya ce ranar da muka fara haɗuwa da shi. "Da a wurinmu yake, ko dai ya kai darakta, ko a mance da shi a kujera ɗaya har ya yi ritaya. Na fi zaton na biyun."

Ranar ce na fara jin dariyarsa tun dawowarmu daga asibiti. Daga nan duk babin da magatakarda bai fito ba, sai ya ce, "Yaƙin ya isa haka, mu koma tasha." Yakan yi wanka ya fito falo tun kafin in dawo. Wata huɗu muka yi a haka, har zuwa Larabar nan, da littafi na biyar ya ƙare da tsohon yana zaune a bakin busasshiyar tasha, alƙalami a hannu, yana hango wani baƙo tafe daga nesa.

Ranar Alhamis bayan la'asar Baba bai fito ba. Juma'a ma haka. Abincinsa ya fara dawowa da saura.

Na fara bincike a waya. Na samu amsa, amma ba ɗaya ba, har uku, kuma mutane suna ta musu a kai kamar gadon gidansu. Wannan ya ce tsohon ya bar tashar, wancan ya ce yana nan, wani ya ce an sace rajistar. Na rubuta duka ukun a littafina da fensir, domin ban saba sa biro a kan abin da ban tabbatar ba.

Ranar Asabar na je wurin dattijon mai littattafai na tambaye shi na shida.

"Malama, in da akwai ai da tuni na ajiye miki," ya ce. "Ni bango nake karantawa, ba ciki ba. Mai jirgi a kan rairayi, mai mace da gora, mai tsoho da alƙalami, duk kin kwashe. Ban taɓa ganin wani ba."

"To ina ƙarshen labarin yake, Baba?"

Ya juya bayan littafin ya nuna min tallar da ɗan yatsa. "Ba ga shi sun gaya miki ba? Ki je Wuse wurin masu danne-dannen nan. Kowa ya rasa hanya ai ɗan gari yake tambaya."

Shagon yana hawa na biyu na wani rukunin shaguna, tsakanin masu gyaran waya. Sau biyu na wuce ƙofar kamar mai neman wani wuri. Ƙarar harbi da ihu ke fitowa daga ciki, ni kuma ga ni da hijabi har ƙasa da littafin rubutu a rungume. A karo na uku mai shagon ta leƙo. Mace ce babba, mai faɗin kafaɗa, da tabarau a saman goshi.

"Ƙanwata, ko za ka shiga ko za ka ƙare min tayil ɗin bakin ƙofa da zirga-zirga?" Hausarta irin ta Abuja ce, mace da namiji duk "ka" ne.

Na shiga. Na yi bayani kaina a ƙasa, da ƙyar take jina, har sai da ta sa aka rage ƙarar wata talabijin. Da ta gane abin da nake nufi ta tafa hannu.

"Ka karanta duka biyar? Ni daga Masaka nake zuwa kullum, awa biyu a cikin go-sulo, motoci ba sa motsi, na ce zan karanta a mota, ko rabin na farko ban kai ba. Barci! Kawo in ga wannan."

Ta karɓi littafina tana buɗewa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma sai ta sauko da tabarau kan hancinta, ta daɗe a kan taswirar. Ta tsaya a shafin magatakarda.

"Wai ƙaninsa ne matuƙin jirgin?"

"Eh, Anti. Littafi na uku, shafin yana nan a gefe."

"Shekara nawa ina buga gem ɗin nan, ban sani ba. Na ɗauka tsoho ne kawai mai taurin kai." Ta rufe littafin a hankali ta miƙo min da hannu biyu. "Zo ka zauna."

Ta kunna wasan a wata talabijin ta can lungu, ta kai shi kusa da wurin da littafin ya tsaya, ta danƙa min abin dannawa. Mutumin da nake tuƙawa ya tafi kai-tsaye ya rungumi bango, ya ƙi rabuwa da shi. Da na cire shi daga nan sai ya faɗa rami. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Wannan ko dodo ya gan shi tausayi zai ji." Ban san lokacin da ni ma na yi dariya ba.

Sai ga tashar. Na san ta kafin in ƙarasa. Ga matakalar dutse mai hawa goma sha ɗaya, ga ƙararrawar da ta tsage, komai yana inda na zana shi, sai dai rijiyar da na sa a gabas ashe a arewa take. A hanya mai shagon ta nuna min tarkacen wani jirgi a kife cikin rairayi, sunansa a jikinsa. A nan na gane baƙon da tsohon ya hango a ƙarshen littafi shi ne mai wasa. Ni ce.

Tsohon ya ɗago kai ya tambaye ni ko na ga jirginsa. Layi uku suka fito a ƙasan talabijin. In gaya masa gaskiya, jirgin ya nutse tun tuni. Ko in ce masa yana hanya. Ko in ɗauke rajistar in yi tafiyata.

"Anti, wanne ne na gaskiya?"

"Duk wanda ka danna."

"A'a, ina nufin wanda masu wasan suka nufa."

"Ƙanwata, ba su nufi komai ba. Sun bar maka ne. Shi ya sa littafi ya tsaya a nan."

Na tambaye ta abin da ke biyo bayan kowanne. Ta ce idan ka faɗi gaskiya, tsohon zai cike gurbin, ya rufe rajista, ya bi mutanensa bakin sabon teku, tashar ta zama kango. Idan ka ce jirgi yana hanya, zai zauna, kullum ka dawo za ka same shi ya hura wuta, ka huta a wurinsa. Ta ce yawancin masu zuwa shagonta wannan suke zaɓa.

"Ke fa, Anti?"

Ta ɗan sosa goshi. "Sau uku na kai nan, sau uku na yi masa ƙarya. Ina so in dawo in same shi a wurin, shi ke nan."

Na ajiye abin dannawar a kan benci ban taɓa ko ɗaya ba. Ta ƙi karɓar komai, ta ce in dawo da littafina wata rana ta ɗauki hoton taswirar.

A motar Kubwa maganarta ta ƙi barina. Mu ma abin da muke yi ke nan a gida. Muna so mu dawo mu sami Baba a kujerarsa, ba kuka, ba tashin hankali, shi ya sa kullum muke ce masa yana hanya.

Na sami Mama tana tsince shinkafa na gaya mata yadda aka yi.

"To ki ce masa jirgin ya dawo mana, kowa ya huta," ta ce.

"Mama, ba ya cikin ukun."

"Wa zai sani?"

"Ni."

Ta dube ni ta daɗe. Ina jin ta fahimci inda maganar ta dosa, don hannunta ya tsaya a cikin tiren. Ta ce, "Ke da ubanki, Allah ya haɗa." Ba ta hana ni ba.

Na ƙwanƙwasa ƙofar Baba na yi sallama. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Na durƙusa na ba shi labarin komai, har da rungumar bango da faɗawa rami. Na ga kafaɗarsa ta ɗan motsa. Da na zo kan layi ukun nan, na ce masa ban danna ba, na kawo masa ne shi ya zaɓa.

Ya tashi zaune. "Wato fayil aka turo min."

"Kusan haka ne, Baba."

"To ni ban taɓa sa hannu a fayil daga shafin ƙarshe ba. Ɗauko littafin nan naki, mu fara daga farko."

Kwana biyu muka yi a kai, a falo, bayan la'asar. Ya sa na karanto masa duk abin da na rubuta game da jirgin: shekarar da ya tashi, abin da ya ɗauka, wanda ya ba da izini. Inda na yi sauri sai ya ce in maimaita. Ya kama ni da kuskure guda, na sa mutuwar wani sarki kafin yaƙin da ya mutu a ciki, ya ji daɗin wannan ƙwarai. A rana ta biyu ya fara tambayoyi, da wata murya da ban taɓa ji a gida ba, ina jin ita ce ta ofis.

"Baƙon nan da idonsa ya ga tarkacen?"

"Eh, Baba."

"Ya ga sunan jirgin a jiki, ko zato yake yi?"

"Ya gani."

"Bayan shi wa ya sani?"

"Duk mutanen garin, Baba. Sun daɗe da sani."

"Me ya hana su faɗa masa?"

Da ƙyar na ce, "Suna tsoron zuciyarsa ba za ta ɗauka ba."

Wannan ba ya cikin kowane littafi, kuma Baba ya san ba ya ciki, domin bai tambaye ni lambar shafi ba. A kicin motsin cokali ya tsaya. Baba ya murza carbinsa. Sannan ya ce, "Gobe bayan la'asar."

Washegari ban fahimci komai a lakca ba. Na yi ta tunanin ko na rusa ɗan abin da ya rage mana. Da na dawo na tarar da shi a falo cikin farin kaftaninsa na zuwa aiki, da hular da ya daɗe bai sa ba, ta ɗan karkace. Yaya ya dawo da wuri, yana tsaye a jikin taga. Mama tana bakin ƙofar kicin, hannunta a cikin zani. Na zauna a kujerata, na buɗe littafin a shafin da ke da layi uku na fensir, na cire murfin biro.

"Baba," na ce, "wanne zan rubuta?"

Ya gyara hularsa, ya juyo daidai inda muryata take.

"Rubuta a gaya masa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana rubuta shiga da fita ya san abin da ba zai dawo ba, tun kafin ku ya sani. Ba jirgi yake jira ba, Uwata. Jira yake wani ya zo ya zauna kusa da shi ya faɗa da baki, don kada ya rufe rajistar shi kaɗai. Kin rubuta? To tashi ki ɗauko min sandar nan da kuka ɓoye a bayan firji, kullum aka buɗe ƙofar ina jin tana bugun bango. Magariba ta kusa, ke za ki ƙirga min matakala har bakin masallaci."